Shirin neman aiki daga aji ɗaya yake farawa

Ɗalibai da yawa a jami'o'inmu ba sa tunanin abin da za su yi da digirinsu sai sun sa kakin bautar ƙasa. Wannan jinkiri yana da tsada, domin makin aji ɗaya yana bin ɗalibi har ranar kammalawa. A jami'ar da ke auna sakamako bisa maki 5, sai ya kai 3.50 kafin ya samu babbar daraja ta biyu, wadda bankuna da manyan kamfanoni da dama ke gindayawa a matsayin sharaɗi. Wanda ya yi wasa da shekarar farko, sauran shekarun cike giɓi zai yi ta yi. Haka batun SIWES, shirin koyon aiki da hukumar ITF ta kafa a 1973. Ɗalibin da ya nemi wurin da za a bar shi ya kama sifana ko ya zauna gaban kwamfuta, zai dawo da ƙwarewa da mutanen da za su shaide shi. Wanda sa hannu a littafi kawai ya nema, hannu rabbana zai dawo.

Wasu za su ce ina amfanin shiri a ƙasar da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya cinye wata takwas, aiki kuma sai da hanya? Ƙorafin yana da tushe, amma shi ne ma ya sa shirin ya zama dole. Wata takwas sun ishi matashi ya koyi haɗa sola ko ɗinki, kuma wanda ba shi da uwa a gindin murhu ba abin da zai tsaya masa sai abin da ya iya. Iyaye da malamai, ku tambayi ɗan aji ɗaya inda ya dosa tun yanzu.