A KAI WA ASHIGE LIKITAN ƘWAƘWALWA TA WAYA

Daga Wakilinmu na Arewa

Kwanan baya na sauka Ashige, a ƙasar Lafiya ta Jihar Nasarawa, na ga abin da ya hana ni barci. Wani saurayi ne, manomin doya, an sa shi a turu tun bara saboda taɓin hankali. Iyayensa ba mugaye ba ne. An yi rubutu, an yi hayaƙi, abin ya faskara. Kuɗin mota zuwa asibitin Barnawa a Kaduna, da na kwanan masu jinya, ya fi ƙarfin ɗan abin da wansa mai dako a Ikko ke aikowa.

To, laifin wa? Likitocin wannan ciwo a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Su ɗin ma a manyan birane suke. Wa zai tare a Ashige?

Tun 1954 Dokta Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa mai wannan ciwo yana samun sauƙi idan ana yi masa magani a ƙauye, danginsa na kusa da shi. Yau waya ta sauƙaƙa wannan dabara. A koya wa malamin asibiti na ƙauye alamun ciwon, a ba shi waya mai hoto. Ranar kasuwa ya zaunar da maras lafiya, likita daga Lafiya ko Kaduna ya gan shi, ya yi masa tambayoyi, ya rubuta magani.

Wani zai ce ina wuta, ina layin waya? Gaskiya ne, shi ya sa muke maganar kuɗi. Kuma wanda ciwonsa ya tsananta, tilas a kai shi asibiti. Amma na biyun wannan, wato damuwa da rashin barci da shaye-shaye, ana iya tararsu tun da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi asusu na musamman. Muna roƙon Gwamnatin Tarayya da ta Nasarawa su ware wa ƙauyuka kasonsu: waya, wuta mai aiki da rana, ladan likita, da magani a ɗakin shan magani. Waya ba magani, aikin banza ne.

Ku kuma 'yan'uwa, ƙungiyoyinku na 'yan gari da ke taruwa a Sabo da Agege suna iya sayen waya da batir. Ku kuma rubuta wa wakilanku na majalisa, ku tambaye su ina aka kwana a kan asusun nan. Na cikin turu ba shi da bakin tambaya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.