RA'AYINMU: Gasar Gashi a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Tun da aka dawo daga hutun Babbar Salla ba abin da 'yan'uwanmu mata su ke tattaunawa a ɗakunan kwana da ƙofar ɗakin lacca kamar shawarar nan da waɗansu ɗalibai 'yan jeka-ka-dawo, mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, suka kawo gaban Ƙungiyar Ɗalibai. Abin da su ke nema shi ne ƙungiya ta ɗauki nauyin wata gasa ta toye-toye da gashin kayan zaƙi tsakanin unguwannin biyu: kowace mace ta yi nata a gida, a tara a wuri guda ran wata Asabar, a ɗanɗana, wadda ta yi zarra a ba ta kyauta. Sun ce da ma sun daɗe suna yin irin wannan a tsakaninsu, duk wata sai ɗaya ta ambaci abin da za a yi, ko kek ko gireba ko cincin, sauran su je su gwada, sa'an nan su haɗu a gidan ɗaya a ga wadda nata ya fi. Waɗansu samari sun yi ta ƙyalƙyala dariya, wai ina ruwan ƙungiyar masu neman digiri da kwaɓin fulawa. Mu ba mu ga abin dariya ba. Muna goyon bayan wannan shawara, amma akwai maganar da mu ke so a ji tukuna, kafin a taɓa ko kwabo daga asusun ƙungiya.

Gasar kayan zaƙi ba baƙuwa ba ce a Kano. Duk wanda aka taɓa aurar da yayarsa ko ƙanwarsa ya san abin da a ke kira gara, watau kayan abincin nan da iyayen amarya kan kai gidan ango bayan an tare. Ban da buhunan shinkafa da jarkokin mai, sai ka ga fanteka bayan fanteka, wannan alkaki, wannan nakiya, wannan dubulan, waccan cincin. Asalin abin alheri ne, domin a tallafa wa sabon gida kafin ya tsaya da ƙafarsa, a kuma raba wa dangi da maƙwabta su san an yi aure. Amma kowa ya san inda aka kai shi. Dangin ango su zauna su buɗe murfi ɗaya bayan ɗaya suna ƙirgawa, kafin magariba labari ya gama unguwa, gidan wane fanteka goma suka kai, gidan wane uku tak. Mun san iyayen da suka ci bashi saboda tsoron wannan ƙirga, mun san amaren da suka fara zaman aure da gori saboda ita. To, ashe mun riga mun ga abin da gasa kan zama idan yawan kaya da ƙarfin aljihu su ne ma'auni, ba mu bukatar ƙungiyar ɗalibai ta sake buɗe mana wani reshenta.

Abin da ya sa mu ke wannan tsoro shi ne irin hotunan da masu shawarar suka nuna wa wakilinmu a wayoyinsu. Kusan duka kek ne irin na bukin 'ya'yan manya, mai hawa biyu ko uku, an lulluɓe shi da farar kwalliyar sukari, an dasa masa furanni. Ba shakka yana da kyan gani, kuma yinsa sai gwanaye. Amma bari mu yi lissafi. Mai son yin irinsa tana bukatar fulawa da bota da ƙwai da madarar gari da garin sukari da launi, galibinsu sai ta je kasuwar Singa ko manyan kantuna. Tana bukatar tanderun gas ko na lantarki, da na'urar kwaɓi, da firji wanda zai riƙe kwalliyar kada zafin Kano ya narkar da ita. Wutar lantarki kuwa ba sai mun faɗa wa mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi halinta ba, saboda haka sai a ƙara da janareta da man da zai sha. 'Yar ƙaramin ma'aikaci, wadda albashin ubanta ba ya kai wa ashirin ga wata, ta faɗi wannan gasa tun ba ta fasa ƙwai ɗaya ba. Ita kuwa da kuɗin ƙungiyar da ta biya za a sayi kyautar da za a miƙa wa wadda ta fi ta gata.

Akwai kuma tambayar da ba mu ji kowa ya yi ba: daga ina fulawar ta ke zuwa? Alkama tsohuwar baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Sunanta ma daga Larabci ya ke, haka nan sunan alkaki, kuma masana tarihi suna danganta yawancin abincin alkama na birnin Kano da Larabawan Gadamas da Tarabulus waɗanda suka zauna a Dandalin Turawa tun zamanin fataucin Sahara. Kakanninmu sun karɓi wannan baƙuwa, suka noma ta a fadamunsu da rani, suka sarrafa ta yadda ta dace da bakinsu, har gurasa da alkaki da alkubus suka zama namu na kanmu. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, ruwanta ya shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda a ke shuka alkama da sanyin hunturu. Duk da haka fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Nijeriya ta ke ci daga ƙasashen waje a ke shigo da ita. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 da niyyar a dogara da ta gida, amma abin bai ɗore ba, aka janye hanin a 1992. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, ƙasashe biyu da su ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, sai da mai tuyar fanke ta bakin kasuwar Tarauni ta ji a jikinta. Da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, farashin buhun fulawa da na sukari ya yi tashin gwauron zabo, burodi ya ƙanƙance, cincin ɗin Salla ya ragu a gidaje da yawa. Ɗalibin da ya karanta duk wannan a aji, sa'an nan ya fito ya shirya gasar da ba a iya cinta sai da kayan da jirgin ruwa ya kawo, lalle bai amfana da karatunsa ba.

Shi kuwa alkaki da alkamar gida a ke yinsa, irin wadda za ka saya da kwano a kasuwa. Muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan tsaya a kansa, domin mun lura da yawa daga cikinmu sun ci shi tun suna yara amma ba su taɓa ganin yadda a ke yinsa ba. Za a gyara alkamar a wanke a shanya, a kai niƙa, amma ba a bari ta yi laushi kamar fulawa, ɓarza ta a ke yi. A murje garin da mai har ya kama jikinsa, a kwaɓa da tauri tare da abin da zai sa shi tsami, a rufe a bar shi ya kwana. Da safe a sa masa ɗan ruwan kanwa, a murza har ya haɗu, sa'an nan a zauna zaman naɗi, a riƙa jan kwaɓin kamar igiya ana nannaɗe shi ɗaya bayan ɗaya. A soya da wuta marar ƙarfi domin cikinsa ya soyu, a tsame a tsoma cikin zuma ko dafaffen sukari wanda aka ɗiga wa tsami. In tsamin kwanan ya yi yawa ya ɓaci, in kanwa ta zarce ya yi ɗaci, in wuta ta yi ƙarfi bayansa ya ƙone cikinsa ɗanye, in sukarin bai dahu daidai ba ko dai ya jiƙe ya yi laushi ko ya daskare ya yi fari. A kowane mataki akwai inda mace za ta faɗi, kuma kuɗi ba su ceton ta. Haka nakiya ta ke, daga soya shinkafa zuwa daka ta da man shanu da citta da kanumfari da masoro, har a sami abin da zai yi watanni a ajiye ba firji ba komai. Idan gwaninta a ke son a gwada, ga inda gwaninta ta ke.

Abin baƙin ciki shi ne masu wannan sani suna ƙarewa. A lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku da Darmanawa akwai tsofaffin da a ke kai wa aikin gara, su ne su ke yin alkakin da mu ke alfahari da shi ran buki. Ba su da ma'auni sai hannu da ido. Ka tambayi ɗaya nawa a ke sa kanwa, ta ce da kai, "Kaɗan, ɗan nan, yadda dai zai ji." Ranar da Allah ya karɓi abinsa, wannan "kaɗan" ta tafi da shi kabari. Jikokinta kuwa, watau mu, mun iya bin bayanin wata baturiya a waya gram bayan gram, amma ba wadda ta taɓa zama kusa da kakarta da sikeli da takarda. A nan ne mu ke ganin ɗalibi yana da abin da zai ba unguwarsu. Muna da masu karatun kimiyyar sinadarai da za su iya bayyana abin da kanwa ta ke yi wa kwaɓi mai tsami, da dalilin da lemon tsami ya ke hana sukari daskarewa. Muna da masu karatun lissafin kuɗi da za su iya faɗa wa mai sana'a ko riba ta ke ci ko wahalar banza ta ke sha, domin da yawansu ba su sa kuɗin itace da na niƙa da wuninsu a cikin farashi.

Kada a fahimce mu a karkace, ba mu ce a kori kek ba. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma mun san 'yan'uwanmu da dama da sana'ar kek su ke biyan kuɗin rajista da na mota. Abin da mu ke cewa shi ne a daidaita fagen. Iyayenmu mata sun gasa kek shekara da shekaru ba tare da tanderun zamani ba: tukunya ce a zuba mata yashi a ƙasa, a jera gwangwanayen madara da aka shafe da mai, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfi. Wanda ya ci irin wannan ran Salla ya san ba ya jin kunyar na kanti. Saboda haka mu a namu ganin ƙungiya ta yanka iyakar kuɗin da kowace mai shiga za ta kashe, kuma iyakar ta zama wadda 'yar talaka za ta iya, daidai ruwa daidai tsaki. Kowace ta kawo takarda ta rubuta abin da ta sa, da awonsa, da kuɗinsa. A wajabta wa kowa abu guda na gargajiya, alkaki ko nakiya ko dubulan, sa'an nan ta ƙara da abin da ranta ya so. A sa wa faranti lamba maimakon suna, domin mun san garinmu, mun san yadda sanayya kan shiga ko'ina.

Batun alƙalai shi ne ya fi damunmu. Mun ji ana raɗe-raɗin za a gayyato matar wani babban mutum ta zama uwar taro, ta kuma yanke hukunci. A gayyace ta in ana so, ta zauna a kujerar gaba, amma hukuncin alkaki a bar wa tsofaffin nan da suka shekara talatin a bakin kasko. A biya su ladan wuninsu, a kira sunansu a gaban jama'a. Kyautar ma kada ta zama kofin azurfa da zai kwanta a kan kabad yana shan ƙura. A ba da abin aiki: sikeli, ko kasko, ko buhun alkama. Kuɗin rumfa da na mai surutu a lasifika kuwa, a bar su a asusu. Tun da Hilda Baci ta shafe awa 93 da minti 11 tana girki a Ikko a watan Mayun 2023 har sunanta ya shiga kundin Guinness, kowa ya ɗauka ba a yin gasar abinci sai da kyamara da taron dubbai. Tamu ta tsakar gida ce, tabarma da inuwar darbejiya sun ishe ta.

Sauran magana ga samarin nan masu dariya, da ƙananan ma'aikatan da su ke karanta wannan mujalla a ofisoshinsu. Ku ne angwayen gobe, waɗansunku ma na bana. Ranar da aka sauke gara a ƙofar gidanku, ku ne za ku fara miƙa hannu cikin fanteka, saboda haka kada ku ce abin bai shafe ku ba. Wanda ya ke da bakin yi wa kwaɓin fulawa ba'a a harabar jami'a, muna so mu ga yana da bakin da zai ce wa gwaggonsa da innarsa su rufe murfin nan su bar ƙirga, abin da aka kawo an gode.

Majalisar ɗalibai za ta duba wannan shawara a zamanta na gaba. Muna ba masu ita shawara kada su shiga zauren da hotuna kaɗai, su zo da rubutaccen lissafi na abin da gasar za ta ci, da iyakar kuɗin da suka yanka wa masu shiga, da sunayen tsofaffin da suka yarda za su yi alƙalanci. In sun zo da waɗannan, muna kira ga wakilai su ɗaga musu hannu. Mu kuma a namu ɓangaren mun keɓe shafi biyu a fitowa ta gaba ga duk ɗalibar da ta zauna da kakarta ta auna alkaki ko nakiya ta rubuto mana, da sunan unguwar da aka koya mata. A kawo takardun ofishin edita kafin a fara jarrabawa.