Allurar da ke ƙarya ta fi matacciya haɗari

Zafi ya shigo, kuma duk wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Damagaram kwanakin nan ya ga abin da muke gani: Hiace a gefen kwalta, an ɗaga kujerar gaba, tururi na tashi, mata da yara sun fake ƙarƙashin gawo. Ka tambayi direba, ya ce wallahi allura ba ta hau ba. Sau da yawa kuma gaskiyarsa ne.

Laifin yana wurin wani ɗan ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba, wanda kanikawanmu ke ce wa sondi. Shi ke nutse cikin ruwan inji, in ruwa ya yi zafi ya bar wuta ta ƙara wucewa, allurar tablo ta hau. To kowace mota da ma'aunin da aka yi wa allurarta. Sondin Peugeot 504 daban, na Toyota daban, ko da zarensu ya zo ɗaya. A nan muke cutar kanmu. Ka je shago da tsohon a hannu, mai kaya ya gwada, ya ce "ai duk ɗaya ne, tunda ya ɗauru". Ya ɗauru, i, amma ruwa na tafasa shi yana nuna rabi.

Mu ma mun taɓa faɗawa. Muka saya da araha, muna murna, bayan Tasawa inji ya ƙone juwan kulas. Abin da muka tsira da shi a shago, gyaran ya cinye ninkinsa ba adadi, ban da kwanakin da mota ta yi a garaji ba ta kawo ko dala.

Mun san kaya sun yi wuya tun da aka rufe gadar Gaya a 2023, kuma na tsofaffin motoci sai an tona, wani lokaci har Ƙofar Ruwa a Kano. Amma wuya ba ta hana tambaya. A duba lambar da ke jikin tsohon, a tafi da lambar shasi ta kartigiris. A san wanne ake nema ma tukuna: mai waya ɗaya na allura ne, mai biyu galibi na kwamfutar inji ne, akwai kuma wanda ke tayar da fanka a jikin radiyata. Bakanike mai mita zai iya sa sabon da tsoho mai lafiya cikin ruwan zafi ya kwatanta. Minti nawa ne?

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne dabarar nan ta "a cire kawai". A zare tarmosta a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a bar wayar sondi tana lilo. Sai a ce ƙasarmu zafi gare ta. Ai saboda zafin ne ya kamata ido ya ga allura. Mai tsohuwar 504 da ya rasa na asali, gara ya sayi allura sabuwa tare da sondinta, 'yan gida ɗaya, a ɗaura masa gefen sitiyari.

Shugabannin tasha kuwa, kuna ƙirga fasinja kuna karɓar kuɗin lodi. Kafin mota mai mutum 19 ta tashi da tsakar rana, ku leƙa tablo ku ga ko allurar tana motsi.