BAC da JAMB ba mudu ɗaya ba ne

Duk shekara idan sakamakon BAC ya fito, maganar da nake ji a majalisu daga Maraɗi har Damagaram ɗaya ce: yaran yanzu ba su karatu. A yawancin shekarun baya-bayan nan, waɗanda ke samun BAC a Nijar ba su cika wuce ɗaya cikin uku ba. A ƙetaren iyaka ma kukan ke nan. A jarrabawar JAMB ta 2025, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 1.9 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Sai mutane su haɗa lissafin biyu su ce ai ga shaida nan.

Ni ban yarda ba, don abin da jarrabawowin biyu ke aunawa ya bambanta.

Ɗalibinmu na ajin ƙarshe na lise kwanaki yake yi yana rubutu da hannu. A darasin falsafa kaɗai awa huɗu zai zauna yana gina hujja da Faransanci, kuma mutum ne zai duba takardar, da gajiyarsa da ra'ayinsa. Kowane darasi da nauyinsa gwargwadon sashen da yaro yake, A4 ko C ko D, sannan a tara a ga ko ya kai 10 bisa 20. A JAMB kuwa tambayoyi 180 ne a darussa huɗu, Turanci tilas, cikin awa biyu, a gaban kwamfuta, ka zaɓi amsa ka wuce. Ku yi lissafi: daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da ke da zurfin tunani amma yana tafiya a hankali zai iya haskakawa a BAC ya sha ƙasa a JAMB. Mai kaifin ido da saurin hannu, wanda rubutun shafi uku ke ba wuya, sai ya yi akasin haka. Ko a cikin Najeriya, ana samun mai kiredit biyar a WAEC ya kasa kai 200 a JAMB, kuma kai ɗaya ne ya shiga duka ɗakunan biyu.

Abin da ya faru a 2025 ya isa misali. Bayan an gama zagin yara, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Da ba a yi ta ƙorafi ba, da waɗannan yaran sun tafi da tambarin dakikanci a goshi. Na yaba masa da ya amsa, don ba kowane shugaba ke iyawa ba.

Tamu matsalar ba ta na'ura ba ce, ta harshe ce, kuma ta fi tsufa. Yaron da ya taso a ƙauyen Madarunfa ko Matamai, Faransanci a aji kawai yake jin sa. Ya san yadda jini ke zagaya jiki, zai yi maka bayani da Hausa tsaf, amma a takarda jimlar ta karye, mai gyara ya ja jan biro. Ɗan ma'aikaci a Yamai da ke jin Faransanci a gida tun yana rarrafe ya riga ya yi gaba kafin a raba takardu. Idan sakamako ya fito sai mu ce wannan ya fi wancan ƙwaƙwalwa. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki, amma ƙofar jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dan Dicko Dankoulodo har yanzu da Faransanci ake ƙwanƙwasa ta.

Ban ce a soke BAC ba, kuma ban ce mu kwaikwayi JAMB ba. Jarrabawar zaɓen amsa a kwamfuta za ta ƙara danne yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ga kuma halin wutar lantarkinmu. Abin da nake nema wurin hukumar OBEECS shi ne ta riƙa bayyana sakamako dalla-dalla, darasi-darasi da jiha-jiha, birni da karkara, don mu ga inda yaran ke faɗuwa. Kuma a darussan kimiyya a rarrabe tsakanin kuskuren ilimi da kuskuren harshe wajen gyara.

Iyaye kuma, kafin ku yanke cewa Hadiza ta faɗi don haka sai aure, ko Sani ya koma kasuwa, ku karɓi takardar makin ku duba darasi-darasi. Wanda ya ci lissafi ya faɗi a Faransanci, malamin Faransanci yake buƙata da wata shekara ɗaya. Mai niyyar tura ɗansa Katsina ko Kano ya zauna JAMB, ya fara ba shi watanni na Turanci da zama gaban kwamfuta da agogo a gefe kafin ya biya kuɗin rajista.