Barci ba lalaci ba ne



Kusan kowane gari akwai tsoho ko tsohuwa da mantuwa ta kama. Ta ci tuwo yanzu, ta ce ba a ba ta ba. Ya fita kasuwa, ya kasa gane hanyar gida. Mukan ce gigin tsufa ne. Wasu har su ce maita ce ko iskoki. Ba haka ba ne. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke da ita a duniya.

Har yau ba a samu maganin da ke warkar da ita ba. Amma akwai abin da ke hannunmu, kuma ba a sayensa da ko dala. Barci ne.

Ku ji abin da masana suka gano. A ƙasar Ingila an bi lafiyar ma'aikatan gwamnati kusan 8,000 har wajen shekara 25. An fito da sakamakon a 2021. Waɗanda suka saba barcin awa 6 ko ƙasa da haka, tun suna da shekara 50 har zuwa 70, sun fi masu barcin awa 7 kamuwa da cutar da kashi 30 cikin 100. Kafin nan, a 2013, wasu masana a Amurka sun gwada ɓeraye. Suka ce lokacin barci ƙwaƙwalwa ke wanke dattin da ta tara da rana.

Ba duk mai gajeren barci ke kamuwa ba. Wani lokaci ma rashin barcin shi ne alamar farko ta cutar. Ko ta wace hanya, abin lura ne.

Yanzu mu dubi kanmu. Ka wuni kana noma cikin rana. Da dare ka zauna fada, ana dafa shayi, na ɗaya, na biyu, na uku. Ga goro a baki, ga waya a hannu, sai ƙarfe 1. Da asuba kuma ka tashi. Ita uwargida ita ce ƙarshen kwanciya, ita ce farkon tashi daka da ɗiban ruwa. In mutum ya kwanta da wuri, mu ce masa rago. Ni a ganina wannan kuskure ne. Kai da ka san gonar da ba ta hutawa ƙarfinta ƙarewa yake yi, don me za ka hana kanka hutu?

Lissafin ba shi da wuya. In ƙarfe 5 kake tashi, ƙarfe 10 ta same ka kwance. Shayi mai ƙarfi da goro, ka bar su tun la'asar, don suna korar barci. Ka ɗaura gidan sauro. A rage wa mata aikin dare, a kama musu na safe. Wanda ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa na tsayawa cikin barci, ya je likita. A auna masa har da hawan jini, don shi ma yana lalata ƙwaƙwalwa.

Tsohon da ya riga ya ruɗe kuwa, kada a zage shi, kada yara su yi masa dariya. Maras lafiya ne. A kai shi likita, a riƙa sa masa ido.

Kai da ka koyi karatu, ka karanta wa mutanen gidanku wannan takarda. Ka karanta musu da rana. Da dare, kowa ya je ya kwanta.