Deewaar: Fim Ɗin Da Ya Sa Muka So Ɗan Fasa-Ƙwauri, Da Maganar 'Yan Shila

Duk inda aka zauna a Mubi aka taɓo maganar 'yan shila da ƙwacen waya, daga Shuware har Lokuwa, sai ka ji wani dattijo ya ce finafinai ne suka lalata yaran. Wasu na cewa a yi koyi da Kano, inda hukumar tace finafinai ta hana finafinan da ke nuna daba a 2024. Mun fahimci damuwar, domin 'ya'yanmu ne ake kamawa, ƙannenmu ne ake sara. Amma kafin mu ce a hana, ya kamata mu tuna cewa mu ma da irin waɗannan finafinai muka tashi, kuma uban gayyarsu shi ne Deewaar.

Fim ne na 1975. Yash Chopra ya ba da umarni, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta, Amitabh Bachchan ya fito a matsayin Vijay. Mahaifin Vijay shugaban ma'aikata ne da aka tilasta wa sayar da 'yan uwansa ta hanyar kama iyalinsa. Ya gudu saboda kunya, mutanen gari kuma suka huce a kan yaron, suka rubuta masa a hannu cewa ubansa ɓarawo ne, rubutun da ba ya goguwa. Uwar ta kwashe 'ya'yanta biyu zuwa Bombay, tana ɗaukar bulo a wurin gini, suna kwana a ƙarƙashin gada. Vijay ya shiga goge takalma don ƙaninsa Ravi ya yi makaranta. Ƙarshe Ravi ya zama ɗan sanda, Vijay ya zama ɗan fasa-ƙwauri.

Gwanintar fim ɗin tana cikin yadda ya ɗaure mai kallo kafin Vijay ya aikata laifi ko ɗaya. Ku tuna yaron da aka jefa wa kuɗin goge takalma a ƙasa ya ƙi ɗauka, ya ce sai an miƙa masa a hannu. Ku tuna ɗakin ajiyar kaya na tashar jiragen ruwa, inda Vijay ɗan dako ya je ya jira masu karɓar kuɗin dole daga hannun leburori, ya kulle ƙofa da kansa, ya jefa wa shugabansu makullin, sannan ya ƙwace shi bayan ya gama da su. Ba shi da yawan magana, ba ya rawa. Waƙoƙin soyayya Ravi aka bar wa. Ga kuma lambar ɗan dako da yake ratayawa, 786, wadda a hisabi take daidai da Bisimilla. Wani tsoho Musulmi abokin aikinsa ne ya ce masa ya riƙe ta, ta kuma tare masa harsashi, har ranar da ta faɗi ƙaninsa ya harbe shi. Mu da muka san laya da guru ba mu buƙaci fassara a nan ba.

To amma a faɗi gaskiya: Ravi ne mai gaskiya, shi uwar ta bi, shi ya ba da amsar nan da kowa ya haddace lokacin da Vijay ya lissafa masa gidaje da mota da kuɗin banki. Duk da haka, wa ya taɓa fitowa daga kallo yana kwaikwayon tafiyar Ravi? Babu. Vijay muke kwaikwayo, har ɗaurin rigarsa. A nan dattawanmu suna da hujja, kuma ba za mu raina ta ba. Mu ne fa muka raɗa wa Sanjay Dutt suna Ɗan Daba Mai Lasin, kuma da yabo muka raɗa.

Inda muka saɓa da su shi ne a kan abin da ya canja. Mu mun zauna kusan awa uku mun ga Vijay ya sayi ginin da uwarsa ta ɗauki bulonsa, ta ƙi karɓa, ta bar masa gida. Mun ga ya mutu a cinyarta. A Mother India na 1957 uwa ce ta harbe ɗanta Birju da hannunta. A Vaastav na 1999 ma haka Raghu ya ƙare. Marubutan sun san inda hanyar take ɓullewa, kuma ba su ɓoye ba. Yaron yau kuwa minti ɗaya yake gani a TikTok: wurin kulle ƙofa da dukan, an ɗora kiɗa, an yanke uwar, an yanke gawar.

Sannan fim bai haifi Vijay ba, Indiyar lokacin ce ta haife shi: tsadar rayuwa, yajin aiki, rashin yarda da hukuma, har Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci 'yan watanni bayan fitowar fim ɗin. Mu ma a nan, yaran da ke cikin shila yau da yawansu suna ƙanana lokacin da Boko Haram suka shigo Mubi a Oktoban 2014, aka watse a ƙafa zuwa Kamaru da Yola. Wasu sun dawo babu uba, wasu makarantar da suka bari ba su koma ba. Idan unguwa ta ci gaba da kiran yaro ɗan shila bayan ya fito daga hannun hukuma, babu mai ɗaukarsa ko yaron shago, mun yi masa irin rubutun da aka yi wa Vijay a hannu.

Saboda haka ba ma goyon bayan a bi gidajen kallo da hani, domin wayar da ke aljihun yaro ba ta jin doka. Abin da muke roƙon masu gidajen kallon ƙwallo shi ne su ba mu dare ɗaya da babu wasa, a saka Deewaar daga farko har ƙarshe, iyaye maza su zo su zauna benci ɗaya da 'ya'yansu, a tattauna bayan an gama. Masu shaguna da garejin gyaran babur da ke iya ɗaukar yaro ɗaya koyon sana'a, su ma muna so su halarta.