Amanar Isar da Labarin Kuskure a Kwamfuta

Daga cikin ayyukan da ke wuyan direba, wato manhajar nan da ke tsakanin tsarin gudanar da kwamfuta da na'urori irin su faifan ajiya, babu wanda ya kai isar da labarin kuskure nauyi, domin idan rubutu ya gaza sauka a faifai, direban ne shaidar farko ga abin da ya auku. A tsarin Linux bisa al'ada lamba guda ake mayarwa, sau da yawa kuwa lamba 5 ce, wadda ake kira EIO, ko faifan ne ya lalace ko waya ce ta kwance, kuma wannan rowar bayani ce.

Illar da ta fi wannan ta bayyana a 2018, sa'ad da masu gina rumbun bayanai na PostgreSQL suka gano cewa idan umarnin fsync, wanda ke tabbatar da cewa rubutu ya sauka a faifai, ya ba da labarin gazawa, aka sake kiransa, sai ya amsa lafiya lau, alhali bayanan sun riga sun salwanta, saboda tsarin yakan share alamar kuskuren da zarar ya furta ta. Ala tilas suka sa manhajarsu ta tsaya cak a gazawar farko.

A ganina wajibi ne masu tsara hanyar isar da labarin kuskure su riƙe kuskure tare da sababinsa har ya kai ga duk mai haƙƙin jin sa. Tsarin da ya ce an rubuta abin da bai rubutu ba, ha'inci ya yi.